Zauren Masu Jin Allo: Insert ya ɓata a Windows ɗin da aka ɗora cikin Mac, wane maɓalli za a ba aikinsa?

Autar Zaure: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawara. Yayana ya bar mini MacBook ɗinsa, ni kuma tun ina sakandare NVDA na sani, manhajar nan da ke karanta wa makafi abin da ke kan allon Windows, da ita nake rubutu a Word, kuma aikin da nake yi yanzu a BUK dole sai da Windows. An taimaka an ɗora mini Windows 11 a cikin VMware Fusion, manhajar da ke tafiyar da Windows a cikin Mac, NVDA ta hau, tana magana lafiya. Matsalar ita ce ba ni da Insert, maɓallin da ake riƙewa don ba NVDA umarni. Na lalube kibod ɗin daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu shi. Na sa alama a wurin da aka ce a yi amfani da Caps Lock a madadinsa, amma in na riƙe shi na danna N ba abin da ke buɗewa, sai dai in ji an rubuta babban harafi. Kwana uku ke nan ko jerin umarnin NVDA ban iya buɗewa ba. Sati mai zuwa zan miƙa babi na biyu.

Malam Mai Zaure: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, na'urarki ƙalau take, kuma ba kuskurenki ba ne. Kusan duk wanda ya sa Windows a cikin Mac ya bi ta nan. Kafin Injiniya ya shigo, ga abin da zai riƙe ki yau: in kina cikin Windows, danna Command da B. Command shi ne yake zama maɓallin Windows a can ciki. Zai kai ki wurin ƙananan alamomin da ke kusa da agogo, ki bi da kibiya har ki ji NVDA, ki danna Enter. Jerin da kike nema zai buɗe ba tare da Insert ba.

Autar Zaure: Allah Ya saka da alheri Malam, ya buɗe! To yanzu ina zan nufa?

Injiniya na Beirut Road: Salam ga kowa. Ƙanwata, bari in fara gaya miki dalili, don in kin san shi ba za ki riƙa gwaje-gwaje barkatai ba. Maɓallin da kika danna ba Windows yake fara tararwa ba. Mac ce mai masauki, ita ke karɓarsa da farko. In VoiceOver, wato manhajar karatun allo ta Mac, na kunne, ita ma sai ta duba ko nata ne. Daga nan Fusion ta karɓa, ta duba nata jerin, sannan ta miƙa wa baƙuwa, wato Windows, sannan NVDA ta samu. Ƙofa huɗu ke nan kafin a isa ɗaki.

Sauran maɓallai ana miƙa labarinsu kashi biyu: an danna, an saki. Shi ya sa ake iya riƙe Shift a haɗa shi da wani. Caps Lock kuwa a wurin Mac kamar makunnin fitila yake, ko a kunne ko a kashe. Abin da ke isa Windows shi ne ya kunnu, ko ya mutu. Ba a gaya mata cewa yatsanki na nan a kai ba. NVDA kuma riƙon take buƙata. Don haka ko sau ɗari kika sa alamar nan a saitin NVDA, ba za ta ji riƙon ba.

Mafita biyu ce. Ko ki canja wa Caps Lock suna tun a bakin ƙofar farko, kafin Mac ta san shi ne, ko ki ƙyale shi ki zaɓi wani maɓallin da yake wucewa lafiya, ki ce wa Windows daga yau wannan ne Insert.

Ɗan Gwammaja: Ni ta biyun nake bi, shekara uku ke nan, kuma ita zan ba ki shawara. SharpKeys sunan manhajar, kyauta ce, tana Microsoft Store, ba ta cin data. A cikin Windows za ki ɗora ta. Kina buɗewa ki nemi Add. Za ki tarar da jeri biyu: na farko maɓallin da za ki sadaukar, na biyu abin da zai zama. Ni na ba da maɓallin nan da ke ƙarƙashin Escape, hagu da lamba 1, wanda kusan ba a rubutu da shi. A jerin za ki ji lambarsa 00_29. A jeri na biyu ki nemi Insert, lambarsa E0_52. Ki danna OK, sannan Write to Registry, sannan ki kashe Windows ki kunna. Shi ke nan.

Abin da ya sa nake son ta, ba ta zama a kunne. Rubutu kawai take yi a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitinta, ta tafi abinta. Ko kin goge ta canjin na nan. Kuma yana aiki tun a wurin shigar da kalmar sirri, kafin ki shiga. NVDA ba ta ma san an yi wani abu ba, Insert na gaskiya take gani.

Anti ta Hotoro: Ɗan Gwammaja, ka tambaye ta tukuna wane irin kibod ne da ita. Yawancin na'urorin da ke shigowa Kano na hannu daga Ingila suke, kuma kibod ɗin Mac na Ingila ba ɗaya yake da na Amurka ba. Auta, taɓa Shift ɗinki na hagu. In gajere ne, akwai wani ƙaramin maɓalli tsakaninsa da Z, to na Ingila ne. A wannan, abin da ke ƙarƙashin Escape wata alama ce daban, wanda Ɗan Gwammaja ke nufi kuma ya sauko kusa da Z ɗin. Ni na taɓa zaɓar lamba daga jeri da ka, na kunna na'ura na yi ta danna sama, ashe Insert ɗina yana ƙasa. A SharpKeys akwai wurin da aka rubuta Type Key, ki shiga nan ki danna maɓallin da yatsanki, ita za ta faɗi lambar da Windows ke gani. Wannan ya fi tabbas.

Autar Zaure: Anti gaskiyarki, gajere ne, kuma Enter ɗin ma dogo ne a tsaye.

Anti ta Hotoro: To kin ga kin ci riba. Kina da maɓalli ɗaya fiye da masu na Amurka, kuma yana daf da ƙaramin yatsanki na hagu. Ni shi na mai da Insert, na bar na sama yadda yake.

Yaya na Kabuga: Ni fa ban ga dalilin wahalar da ƙaramin yatsa ba. Command biyu ne a Mac, na dama zaman banza yake. Windows tana ganinsa a matsayin maɓallin Windows na dama. Ki mai da shi Insert a SharpKeys, babban yatsa ya riƙa aikin. Haka nake shirin yi wa tawa in na karɓo ta daga gyara.

Injiniya na Beirut Road: Yaya, don Allah dakata, kar ka yi haka, kuma Auta kar ki gwada. Ka tuna da ƙofofin nan. SharpKeys a ɗaki na ƙarshe take zaune. A idon Mac, maɓallin nan Command ne har gobe. In ka danna Insert ɗinka da Tab don NVDA ta faɗi inda kake, Mac Command da Tab ta gani, sai ta fitar da kai zuwa wata manhajar. In ka danna shi da Space don sauya yanayin karatu a shafin intanet, akwatin binciken Mac ne zai buɗe. Mafi muni shi ne Q: kana nufin rufe NVDA, sai a ɗauka Fusion ɗin gaba ɗaya kake son rufewa. Ana iya bi a kashe waɗannan ɗaya bayan ɗaya a saitin Fusion, amma aiki ne, kuma kullum sai ka tarar da wanda ka manta.

In Command na dama kake so, kuma ni ma na yarda wurin yana da daɗin riƙo, to a gefen Mac za a canja shi, yadda tun daga tushe ba za ta san Command ba ne.

Yaya na Kabuga: Kai, Allah Ya kiyaye. Ban yi wannan tunanin ba sam. Na gode Injiniya, na janye.

Hajiya ta Zoo Road: Sai yanzu na idar da la'asar na karanta. Ni ina gefen hanya ta farko, kuma zan faɗi dalilina. Shekaruna sun ja, yatsuna sun haddace Caps Lock tun ina aiki da laftof ta ofis. Ba zan iya koya musu sabon wuri ba, kuma ba na so in riƙa tunanin wace na'ura ce a gabana kafin in danna. Karabiner-Elements nake amfani da ita. A Mac ake ɗora ta, kyauta ce, wani ɗan Japan ne ya rubuta ta. A sashen Simple Modifications kina zaɓar caps_lock a hagu, insert a dama, nan take ta fara aiki, ba sai an kashe an kunna ba. Tunda a ƙofar farko take tare maɓallin, Mac ba ta ganin Caps Lock ko kaɗan, Insert take miƙawa da dannawarsa da sakinsa.

Gaskiya ɗora ta akwai ɗan aiki. Mac za ta nemi ki ba ta izini a saitin tsaro, wuri fiye da ɗaya, har da izinin sauraron kibod da na direbanta. VoiceOver tana karanta wuraren, amma sai kin yi haƙuri kin bi a hankali. Ni jikata ta zauna kusa da ni ranar farko. Bayan nan ban sake neman kowa ba.

Ɗan Gwammaja: Hajiya, da girmamawa, ai nan ne matsalar. Kin ba wata manhaja izinin jin duk abin da kike rubutawa, kuma dole ta kasance a kunne kullum. Ranar da aka sabunta Mac ta nemi sabon izini, Insert ya tafi sai kin gyara. Sannan Caps Lock ɗin ya mutu a gefen Mac ma, alhali mutane da yawa da shi suke jan VoiceOver.

Hajiya ta Zoo Road: Maganarka ta farko gaskiya ce ɗana, shi ya sa nake cewa kowa ya sauke ta daga shafinta na asali kawai, kar a karɓa a filashin wani. Lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke, masana na dubawa. Ta biyun ma ta taɓa faruwa da ni sau ɗaya, na koma na sake ba da izinin. Amma ta ukun akwai maganinta. Injiniya ne ya yi mini, shi zai fi iya bayani.

Injiniya na Beirut Road: Eh, a sashen Complex Modifications ake yi. Ana rubuta doka mai sharaɗi: Caps Lock ya zama Insert idan manhajar da ke gaba ita ce Fusion, in an fita ya koma yadda yake. Sharaɗin sunansa frontmost_application_if, sai a ba shi sunan manhajar na ciki. Na Fusion com.vmware.fusion ne, na Parallels com.parallels.desktop.console, na UTM kuma com.utmapp.UTM, su ma manhajoji ne irin Fusion. Duk saitin a fayil ɗaya yake zaune mai suna karabiner.json, don haka in an gyara sau ɗaya sai a kwafe shi a ajiye. Na'ura ta lalace ko an sayi wata, mayar da shi kawai za a yi.

Ga wanda ba ya son ɗora komai, Mac tana da wani umarni nata a Terminal, wato wurin rubuta umarni, mai suna hidutil da ke musanya maɓallai. Lambar Caps Lock a wurinsa tana ƙarewa da 39, ta Insert da 49. Yana aiki, sai dai da an kashe na'ura ya goge, kuma ba ya bambance ko kina Windows ko kina Mac. Ban cika ba sabon shiga shawararsa ba.

Abin da zan roƙa shi ne a zaɓi wuri ɗaya. Na sha karɓar na'ura an canja a Karabiner, an canja a jerin Fusion, an kuma canja a SharpKeys, kowanne na warware aikin ɗan'uwansa. Mai ita ma ya manta abin da ya taɓa. Rabin yini nake yi ina kwancewa kafin in fara gyara.

Malam Mai Zaure: Wannan magana ta ƙarshe a riƙe ta. Kuma 'yata, kafin ki taɓa rajista, ki sa Fusion ta ɗauki hoton halin da Windows ke ciki, abin da suke kira Snapshot. In wani abu ya karkace, ko kin mai da maɓallin da bai kamata ba, komawa baya za ki yi cikin minti kaɗan. Ki tabbata kuma akwai caji, kar a ɗauke wuta batiri ya mutu ana tsakiyar sake kunnawa.

Autar Zaure: To Malam. Amma ina da wata tambayar. Ko da Insert ya samu, na lura in na danna Control da Option da kibiya don in bi jadawali a Word, VoiceOver ce ke amsawa, ba NVDA ba. Muryoyi biyu a kunnena lokaci ɗaya.

Anti ta Hotoro: Ai Control da Option su ne maɓallan VoiceOver, su ne kuma Control da Alt a Windows. NVDA da su take bin jadawali, da su ake tada ta ma, Control da Alt da N. Muddin VoiceOver na kunne ita za ta riga ɗauka. Ni abin da nake yi: in na shiga tagar Windows na tabbata kibod ya kama, sai in danna Command da F5 in kashe VoiceOver. In zan fita in sake dannawa. A Fusion, Command da G ke shigar da kibod ciki, Control da Command ke sakinsa. Da farko za ki ji kamar aiki ne, bayan sati ɗaya hannunki zai riƙa yi da kansa.

In umarni ɗaya tak kike son ki wuce da shi ba tare da kin kashe ta ba, danna Control da Option da Tab, VoiceOver za ta ƙyale abin da kika danna na gaba.

Sai layin sama. A Mac, F1 zuwa F12 haske da ƙarar sauti suke sarrafawa sai an haɗa da fn. Ke kuma kina buƙatar F2, F6, F7, da Insert da F12 don jin lokaci. Ki shiga saitin kibod na Mac ki kunna zaɓin da ke cewa a yi amfani da su a matsayin maɓallan F na asali. In ba haka ba, yatsa uku ko huɗu za ki riƙa haɗawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Injiniya na Beirut Road: Ƙari a kan na Anti: Control da kibiya. A Word da shi ake tsallaka kalma kalma, amma Mac ta riƙe shi don sauya tebur da Mission Control. Ki je Keyboard Shortcuts a saitin Mac ki cire alamar da ke kansu. Haka Control da Space, in kina da harshe fiye da ɗaya a Mac.

Kuma ki mai da NVDA tsarin laftof, tunda ba ki da ɓangaren lambobi. In Insert ya samu, Insert da Control da K zai kai ki saitin kibod kai tsaye. A tsarin laftof, Insert da A ne karanta duka, Insert da L karanta layi. Home da End kuwa fn da kibiyar hagu ko dama, fn da sama ko ƙasa su ne tsallaka shafi.

Malamin Firamare, Ɗorayi: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Abu ɗaya nake so in ƙara, don na ga a wasu wurare ana ba da shawarar a sadaukar da Option na dama, a mai da shi Insert ko maɓallin da ke buɗe jerin zaɓi. Wanda Turanci kawai yake rubutawa ba abin da zai rasa. Mu kuwa masu rubuta Hausa, wannan maɓallin shi ne Alt na dama a Windows, kuma a tsarin kibod na Hausa da shi ake fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Na taɓa ba da shi, sai da na zauna shirya jarrabawar yara na ga ba ni da hanyar bambance ƙafa da kafa, ko ɓata da bata. Kar ki taɓa shi, 'yata. Jerin zaɓi kuma Shift da F10 na buɗe shi, ba sai an ware masa maɓalli ba.

Hajiya ta Zoo Road: Allah Ya yi maka albarka Malam, wannan ba kowa zai tuna ba.

Ɗan Fagge: Ni tambayata daban ce kaɗan, a yi haƙuri. JAWS, wata manhajar karatun allo irin NVDA, nake amfani da ita a cikin Parallels. Na mai da wani maɓalli Insert kamar yadda ake faɗa, amma umarnin tsarin laftof da na saba, irin riƙe Caps Lock da J ko K ko L don bin kalmomi, ba sa yi. In na danna da J sai tagar JAWS ta buɗe.

Injiniya na Beirut Road: Domin JAWS ta bambanta su. A wurin NVDA, Insert da Caps Lock abu ɗaya ne, duk wanda ka riƙe umarnin bai canja ba. A tsarin laftof na JAWS kuwa akwai umarnin da na Caps Lock ne shi kaɗai. Don haka kai ba Insert za ka zaɓa a jeri na biyu na SharpKeys ba, Caps Lock za ka zaɓa, lambarsa 00_3A. Maɓallin da ka sadaukar zai wuce ta Mac a matsayin maɓalli na yau da kullum, da dannawarsa da sakinsa, sai ya isa Windows sannan ya zama Caps Lock na gaskiya. In kana son Caps Lock na ainihi ya yi aikin, sai a haɗa biyu da gangan: Karabiner ta mai da shi Insert, SharpKeys ta mai da Insert ɗin Caps Lock. Nan ne kawai nake yarda da canji a wuri biyu, kuma ka rubuta ka ajiye.

Ka kula kuma, a Parallels Control da Option ne ke sakin kibod daga Windows. A UTM ma haka yake, amma a saitinta akwai zaɓin mai da shi Command da Option.

Ɗan Fagge: Madalla. Zan gwada bayan magariba.

Yaya na Kabuga: Mu da ba mu da Mac a hannu yanzu fa? A wurin aiki Windows ce mai masauki, ina gwada Ubuntu, wani tsarin Linux, a cikin VirtualBox, manhaja irin Fusion, don in koyi Orca, manhajar karatun allonsa. In na danna Insert, NVDA ta waje ce ke cafkewa, Orca ba ta samun komai.

Ɗan Gwammaja: Yaya wannan mai sauƙi ne, ba sai ka canja maɓalli ba. Kana kan tagar VirtualBox ka sa NVDA barci: Insert da Shift da S a tsarin tebur, ko Insert da Shift da Z a tsarin laftof. A wannan tagar kaɗai za ta yi shiru, in ka koma wata manhajar ta farka. Don Insert ɗin kuma, ka raba musu: NVDA ta waje ka bar mata Caps Lock kawai, ka cire alamar Insert a saitinta, Orca ta ciki ta riƙe Insert. Super, wato maɓallin Windows, da Alt da S ke kunna Orca a Ubuntu.

Abin da ya fi ba ni wahala a VirtualBox shi ne Control na dama. Mu mun saba da taɓa Control don a yi shiru, shi kuma a can shi ne maɓallin fita daga baƙuwa. Kana tsayar da magana sai ka tsinci kanka a waje ba ka sani ba. A Preferences, sashen Input, ake canja shi. A VMware Workstation kuma Control da Alt ne na fita, su ma suna karo da bin jadawali, ana canja su a Hot Keys.

Anti ta Hotoro: Wani ya ce mini PowerToys ma tana canja maɓallai, har AutoHotkey. Ban gwada ba.

Injiniya na Beirut Road: Suna yi, kuma sun fi SharpKeys iya haɗa maɓalli biyu ko uku su zama ɗaya, abin da ita ba ta iyawa. Amma don maɓallin jan manhajar karatu ba na son su. Dole sai sun tashi kafin canjin ya fara, don haka a wurin kalmar sirri babu su. Kuma su da NVDA a layi ɗaya suke tsaye suna jiran maɓalli, wanda ya riga shi ke ɗauka. Wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. Wanda ya dage sai AutoHotkey, ya tabbata zaɓin karɓar maɓallai daga wasu manhajoji na kunne a saitin kibod na NVDA.

Malam Mai Zaure: Ni kuma nawa na tsofaffi ne. Kowa ya ajiye kibod na waya, cikakke mai ɓangaren lambobi, a jakarsa ko a ɗakinsa. Ana samu a Beirut Road, ana samu a Farm Centre, na hannu ma ya isa. In MacBook ɗin ƙananan ramuka kawai gare ta, a haɗa da ɗan abin da ke juya bakin USB. Ranar da komai ya rikice, kana soka shi ga Insert a inda ka san shi. Ni da shi nake koyar da duk wanda ya zo wurina, sai hannunsa ya zauna sannan mu koma kan na laftof. Sannan a tuna da Narrator, manhajar karatun allo da ke zuwa da Windows: Control da Windows da Enter. In NVDA ta ƙi tashi, ita za ta yi maka jagora har ka gyara.

Kuma in an gama kowane canji, a danna Insert da 1. NVDA za ta shiga yanayin koyo, duk abin da ka taɓa za ta faɗi sunansa da aikinsa ba tare da ta aikata ba. A bi layin ƙasa gaba ɗaya, a bi layin F, a ji abin da ke isowa da wanda ake tarewa a hanya. A JAWS ma Insert da 1 ne.

Malamin Firamare, Ɗorayi: Malam, in na'urori da yawa ne fa? Muna da guda shida da aka ba mu, ƙananan laftof ne, Insert ɗinsu sai an haɗa da fn, yara na shan wuya.

Injiniya na Beirut Road: Waɗannan tunda Windows ce kai tsaye, Caps Lock zai yi musu ba tare da wata dabara ba, alamar kawai za ka sa a NVDA. In kuma kana son su saba da Insert a wuri ɗaya, ka yi wa guda ɗaya da SharpKeys, sannan ka fitar da abin da ta rubuta. Sunansa Scancode Map, yana ƙarƙashin Keyboard Layout a rajista. Ka kula, akwai wani kusa da shi mai suna Keyboard Layouts da s a ƙarshe, ba shi ba ne. Ka ajiye fayil ɗin a filashi, ka buɗe shi a kan sauran biyar, ka sake kunna su. In ka shigo gari ranar Asabar ka biyo da ɗaya, mu yi tare.

Autar Zaure: Alhamdu lillahi! Ga abin da na yi. Na ɗauki hoton kamar yadda Malam ya ce. Na bi hanyar Yaya Ɗan Gwammaja, amma da maɓallin Anti, na kusa da Z, kuma da Type Key na gano lambarsa. Na sake kunnawa, na kashe VoiceOver, na danna shi da N, jerin ya buɗe. Na mai da tsarin laftof, na gyara layin F, na cire Control da kibiya daga Mac. Na bi kibod ɗin duka da Insert da 1, komai na isowa, ƙ da ɗ ma suna fita. Hajiya, hanyarki na ajiye ta sai na miƙa babin nan, don ina son Caps Lock ɗin, amma ba na so in taɓa izinin tsaro ina cikin gaggawa.

Saura abu ɗaya. Da iyafis na Bluetooth muryar tana ɗan makara, in na danna kibiya sai an ɗan jima take magana.

Hajiya ta Zoo Road: Barka 'yata, Allah Ya ba da sa'a a babin. Ki sa mai waya, za ki ji bambanci nan take. In kin shirya yin Karabiner ki yi mini magana, zan turo miki fayil ɗina da dokar a ciki.

Ɗan Fagge: Na dawo daga masallaci na gwada. Caps Lock da J ya koma baya da kalma ɗaya. Injiniya, in na danna maɓallin sau biyu da sauri manyan haruffa na kunnuwa, haka ya kamata?

Injiniya na Beirut Road: Haka ya kamata. Sau biyu da sauri shi ne Caps Lock na asali, a JAWS da NVDA duka. Ka sake danna shi sau biyu ya mutu.